Talata: Hajiya tana so a yanka mata rana

Na tashi yau da dama-dama, domin sabon matashin kai da Yaya ya kawo mini ba shi da tudu, wuyan bai sankare kamar yadda ya saba ba. Na isa ofis da fara'ata, na gyara littattafan da nake ɗora allon kwamfuta a kansu don ya yi daidai da idona, na kama aiki.

Da hantsi Hajiya, shugabata a ofis, ta aiko a kira ni. Bayan ta tambayi jiki na ce da sauƙi, sai ta ce, "To Malam, yaushe likitan ya ce za ka warke? Ina so in san ranar da zan mayar maka da rahoton wata." Ba da wata manufa ta yi tambayar ba, don ita ce ma ta sa aka sauya mini kujera, amma maganar ta tsaya mini a rai har yanzu.

Na yi mata bayanin da aka yi mini ranar da aka nuna mini hoton MRI, wato hoton cikin wuyana da aka ɗauka da na'ura a asibiti. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, kuma daga na biyu zuwa ƙasa akwai faifan guringuntsi a tsakaninsu wanda ke riƙe da ruwa. Yau da gobe ruwan yana raguwa, faifan ya sirance, ƙasusuwan su matso juna, har jiki ya tsirar da ɗan ƙashi a gefe ya danne jijiya. Nawa ya fi lalacewa a tsakanin na 5 da na 6, inda jijiyar da ke sauka zuwa babban yatsa da manuni take fitowa, shi ya sa biro yake suɓuce mini ba tare da na ji ba. Faifan da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Abin da ake yi shi ne lallaɓawa da gashin ƙashi da motsa jiki da magani, tiyata kuwa sai in lakar da ke cikin ƙashin wuya ta matsu, tafiya ta soma tangal-tangal, ko hannu ya ci gaba da rauni.

Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Amma fa wanda ya gan ka sai ya ce ka fi ni lafiya." Ina tsaye ta jawo kalandar da ke kan teburinta, ta zagaye farkon watan gobe da jan biro.

Da karaya na yi, da kowa ya ga ɗauri ya ƙirga makonni. Rahoton nan aiki ne na wuni guda mutum yana sunkuye a kan rasitai, alhali nauyin kan mutum kaɗai ya kai wajen kilo 5, kuma gwargwadon sunkuyawa gwargwadon nauyin da wuya ke ɗauka. Ina son aikina, ban kuma so a riƙa kallona a matsayin mai neman hanyar zillewa, shi ya sa na yi shiru na fito.

Da la'asar kafaɗar dama ta ɗauki zafi. Ban sha maganin rage ciwo na ibuprofen ba, domin ya soma taɓa mini ciki. Gobe akwai gashin ƙashi, kuma zan roƙi likita ya rubuta wa Hajiya takarda, ko da yake na san abin da za ta fara nema a cikinta kwanan wata ne.