Inci biyu kawai na nema a Marsandin Baba

Har yau in na wuce wajen masu walda na ji warin kabaid sai raina ya sosu, wallahi. Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa, Marsandi 230E ta 1983, samfurin W123 ɗin nan da ake ce wa filat but. Lafiyarta ƙalau, ni ne dai kullum in na kalle ta sai in ga gaban ya ɗaga kamar akuya tana leƙen katanga, tsakanin taya da madigadi dunƙulen hannuna na shigewa. Inci biyu nake so ta sauka, shi ke nan.

Dabarar ita ce a rage tsawon sifirin gaba, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Cire sifirin bai ba mu wahala ba, don na aro matsewar da ake zurawa ta cikinsa a wani gareji a Farin Gada. Kar wanda ya ce maka jak kaɗai ya isa, sifirin gaban wannan motar dogo ne kuma a danne yake sosai, in ya kuɓuce sai dai wani ba kai ba. Mun fito da guda biyun, mun sa alama da alli, za a kunna giranda kenan aka ɗauke wuta. Janareto ba mai. Sai mai waldan gefe ya leƙo ya ce, "Yallaɓai kawo in yanka maka da wuta, minti biyu ne, kullum muna yi." Ni kuma Magariba ta kusa, ga sanyin Jos ya fara saukowa, na ce to bismilla. Wannan bismillar ita ta ja min komai.

Ƙarfen sifirin ba kamar rodin gini ba ne, a masana'anta an gasa shi an sanyaya shi da lissafi, shi ya sa in an danne shi yake komowa. Da zarar harshen wuta ya mai da shi ja, wannan taurin ya tafi, kuma zafin ba ya tsayawa a inda aka yanka, yana bin zagayen da ke kusa. Ina tsaye ina kallo na hagu ya fi daɗewa a wuta don bakin tocin ya toshe, har ina yi masa sannu da aiki.

Sannan zagaye guda cur muka cire a lokaci ɗaya. Ban yi la'akari da cewa a wannan motar sifirin ba a kan taya yake zaune ba, yana can ciki a kan hannun ƙasa, don haka ɗan abin da ka rage a jikinsa sai ya fito da yawa a wajen taya. Ranar farko ta yi kyau ba ƙarya, na zaga Terminus har sau biyu ana kallona. Bayan sati biyu sai ga mota ta karkace hagu, na sa tef na ga banbancin ya kusa inci ɗaya, kuma kullum ƙara zama take. Shokazoba ba ta da sauran wurin motsi, ko ƙaramin rami na faɗa sai in ji kwam har cikin haƙorana, tayoyin gaba kuma suka fara cinyewa ta ciki.

A hanyar Bukuru ta ƙare. Tudun rage gudu ne, wanda da ko lura da shi ba na yi, na ji ƙarrr a ƙasa, kafin in ankara allurar baƙin mai ta baro 3 tana gangarowa. Allah ya taimake ni idona na kai na kashe inji nan take. Botom filet, wato tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji, ya huje, baƙin mai ya zana layi a titi. Da na ƙara ko minti ɗaya da yanzu labarin sayen inji nake ba ku.

Tsohon bakaniken Baba ne ya jawo ta. Bai yi faɗa ba, ya dai ciro robar da ke saman sifirin ya nuna min wasu ƴan ƙuraje a gefenta. "Ɗana, ka ƙirga. Daga ɗaya zuwa huɗu suke zuwa, mai huɗu ta fi kauri. Taka huɗu ce. Da ka zo wurina da siririya za mu fara sa mata kafin a taɓa ƙarfe." Kunya kamar in nutse.

Sai da na shiga Dilimi na nemo wasu sifirin na Beljiyam. Wannan karon da giranda muka yi, kwatan zagaye kawai, ana yi ana ɗora jiƙaƙƙen tsumma, aka shafa wa bakin fenti saboda tsatsa, aka tabbatar ya zauna daidai a gurbinsa. Na yi kwana uku ina yawo da ita ta gama zama, aka sake awo, aka ƙara wani kwatan, sannan alaimen. Ta ɗan ƙara tauri, dole ne, in zagaye ya ragu sifirin ƙarfi yake ƙarawa, amma tana tsaye daram, inci ɗaya da rabi, kuma na haƙura da sauran rabin.

Mai waldan nan kuwa har gobe in ya hango ni sai ya ɗaga hannu yana murmushi, "Yallaɓai, yaya motarmu?" Motarmu fa.