Man sitiyari ma ana canza shi, ba ƙari kawai ake yi ba

Jama'a wannan abu yana damuna wallahi. Mutum zai kai mota sabis a zubar da baƙin mai, a canza filta, a duba man birki, amma man sitiyari ba wanda ke waiwayarsa sai ranar da motar ta fara kuka in an murɗa sitiyari, musamman da sassafe lokacin sanyi, ko kuma ka ji sitiyarin ya yi tauri kana kokawa da shi wajen fakin. Ko a ranar ma abin da ake yi shi ne a ce yaron gareji ya ƙara mai a kan tsohon, shikenan.

Toh buɗe bonet ka duba 'yar gorar man da kanka. Ka ɗiga kaɗan a kan farar takarda, in ka ga ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, ya gama aiki. In kuma kumfa ka gani to iska ce ke shiga ta wani wuri. Shi man nan famfo ne ke tura shi da ƙarfi sosai, zafin ƙasar nan yana dafa shi, ga gutsattsarin roba da ƙarfe suna taruwa a ciki, kuma dattin nan shi ke cinye famfon da sil ɗin rak (wato robobin da ke tare mai a cikin ƙarfen da ke juya tayoyin gaba) a hankali har su fara yoyo.

Inda na fi so a kula shi ne irin man. Ba kowane jan mai ake zubawa a kowace mota ba. Toyota irin su Camry ta 2007 zuwa 2011 da ake ce wa Muscle da Corolla ta 2003 zuwa 2008, man giya Dexron suke sha, a murfin gorar ma sau da yawa an rubuta. Amma Honda nata man daban ne, Accord ɗin nan da ake ce wa EOD da waɗanda suka biyo ta masu shan man sitiyari in aka ɗura musu man giya sil ɗin ne zai biya kuɗin, kuma na ga yadda ake yin haka ba tare da an tambayi mai motar ba, raina yana ɓaci. Yawancin Volkswagen da Audi kuma wani koren mai ne CHF 11S. Man birki kuwa kada ya kusanci wurin ko da wasa. In ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka sayi wanda yake a rufe da sil ɗinsa, ka bar na awo da ake ɗurawa a robar ruwa.

Aikin kansa ba wuya. Ka samu babban sirinji da ɗan siririn tiyo, mota a kashe, ka zuƙe duk abin da ke cikin gorar, ka zuba sabo zuwa layinsa, ka tada mota ka murɗa sitiyari ƙarshen dama ka dawo ƙarshen hagu a hankali kamar sau goma, sannan ka kashe ka sake zuƙewa ka sake zubawa, haka sau uku ko huɗu za ka ga launin yana washewa. Kada ka danne sitiyarin a ƙarshe ka riƙe shi, famfon na wahala. Kuma kada ka bari gorar ta bushe inji yana aiki.

Wanda yake so a fitar da tsohon gaba ɗaya sai a ɗaga gaban motar da jak, a cire tiyon da ke dawo da mai a sa shi a galan, ana murɗawa ana zubawa, wannan kam gara bakanike ya yi kana tsaye. Tsarin duka wajen lita 1 yake ci, don haka ka sayi lita 2.

Masu Accord, in an canza mai kukan bai daina ba, kafin a ce ka sayi famfo ka sa a duba 'yar robar zoben da ke bakin famfon inda mai ke shiga, tana tsufa ta riƙa jan iska. Masu Corolla daga 2009 da Camry daga 2012 kuma sitiyarinku na lantarki ne, babu gorar mai sam, duk wanda ya ce ku ba da kuɗin man sitiyari ku ce ya nuna muku inda zai zuba.