The Penguin ya hana ni barci

Jama'a wallahi shirin nan The Penguin na HBO da ya fito a 2024 ba ƙaramin jijjiga ni ya yi ba. Kashi takwas ne, kuma har aka gama ko ƙeyar Batman ba ka gani.

Labarin ya ɗora ne daga inda fim ɗin The Batman na 2022 ya tsaya, an kashe uban daba Carmine Falcone, ruwa ya ci unguwannin talakawan Gotham, sai ga Oz Cobb, wato Penguin ɗin, ɗan kanzagin da kowa ya raina yana ɗingishi, ya shiga haɗa gidan Falcone da na Maroni faɗa yana rantsuwa wa kowane ɓangare cewa shi nasu ne. Abin haushin ma sai ka tsinci kanka kana masa fatan nasara, saboda yadda yake rawar jiki kan mahaifiyarsa mara lafiya. Ashe mugun iri ne tun yana yaro!

Ni dai Sofia Falcone, 'yar Carmine, ce ta fi ba ni tausayi, shekara goma a asibitin mahaukata na Arkham kan kisan da ubanta ne ya aikata, ta fito kowa na gudunta, to ya za a yi ta dawo da hankali ɗaya? Cristin Milioti da ta fito a matsayin Sofia ta yi ƙoƙari ba kaɗan ba.

Shi kuma Colin Farrell da ya fito a matsayin Oz, kwalliyar da aka yi masa ko ƙaninsa ba zai gane shi ba. Amma abin da Oz ya yi wa yaronsa Victor a kashin ƙarshe, ban yafe ba, kuma kar wanda ya zo yana kare min shi.