Asabar: ɗigon ƙanena a kan taswira

Ina idar da sallar asuba na hau rufin gidanmu a Nima, cikin Accra, don iskar jiya ta karkatar da eriya. Yau ce ranar gwajin da na shafe wata biyu ina shiri. Ƙanena zai kai kaya Kumasi, na ɗaura masa ƙaramin rediyon hannu mai wat 5 a mota, haɗe da GPS. Mu biyun muna da lasisin NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, alamar kiranmu kuma da 9G take farawa, kamar ta duk mai rediyon sha'awa a Ghana. Tasa mun liƙa mata -9 a ƙarshe, alamar cewa a mota take.

Tsarin sunansa APRS. Wani Ba'amurke, Bob Bruninga, ya ƙirƙiro shi, ya rasu a 2022. Kowane ɗan lokaci rediyon motar yakan saki wata gajeriyar ƙara, kirrr, kamar ta daƙiƙa ɗaya, a mitar rediyo 144.800 MHz, wadda ake amfani da ita a Turai da nan ɓangarenmu. A cikin ƙarar nan akwai alamar kira, da inda motar take, da gudunta. Amma sai in akwai kunnen da ya ji. Kunnen shi ne abin da ke kan teburina: 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, da 'yar na'urar kama rediyo RTL-SDR, da manhajar Direwolf mai mayar da ƙarar rubutu ta miƙa wa intanet. iGate ake ce wa irin wannan tasha, ni ƙofa nake ce mata.

Ƙarfe 7:20 ya tashi. Bai kai Achimota ba sai ga ɗigonsa a aprs.fi, shafin intanet mai nuna taswirar APRS. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na kira Mma ta zo ta gani. Ta daɗe tana kallon 'yar motar tana rarrafe a allo, sannan ta ce, "To ba yana da waya ba?"

"Yana da ita, Mma. Amma wannan babu kati, babu turken kamfani tsakaninsa da rufinmu. Daga motarsa kai tsaye yake zuwa."

"Allah dai ya kai shi lafiya," ta ce. Ba ta koma kicin ba, kujera ta jawo.

Mun bi shi har Pokuase. Daga nan ɗigon ya fara tsalle, sai a yi minti biyar shiru. Na ƙarshe ya shigo daga wajen Amasaman, shi ke nan. Mma ta dafe ƙirji, na yi sauri na bayyana mata cewa ba komai, irin wannan mita kusan sai eriya ta hangi eriya, tudu ko dogon gini na tare ta. Rediyonsa bai daina magana ba. Nsawam, Suhum, Nkawkaw, duk yana ta faɗin inda yake, tashata ce ba ta jiyo shi, kuma yau babu wata da ta ɗauka. Wannan ya tsaya min a rai yini guda. In ka matsa taswirar zuwa Jamus, tashoshi sun yi cincirindo har suna rufe sunayen garuruwa.

Bayan azahar ya bugo daga Kumasi, ya sauka lafiya.

Da daddare na tuna Kawu yana da gida a Aburi, can kan tudu, inda ake hango Accra gaba ɗaya. Na lissafa kuɗin wani Raspberry Pi, da batir saboda ɗaukewar wuta, da mita 15 na wayar eriya. Gobe bayan la'asar zan je in gaishe shi, in roƙi arzikin rufinsa.