Laburaren garinmu ne ya fitar da ni daga ɗaki

Duk wanda aka ce masa wance tana Amurka, abin da yake zuwa masa a rai New York ne da dogayen benaye. To mu dai ba can Allah ya ajiye mu ba. Pelican Rapids muke, wani ɗan gari a jihar Minisota da mutanensa ba su fi 2,500 da ɗoriya ba, in kina son babbar kasuwa sai kin shiga mota zuwa Fergus Falls ko Fargo. Abin da ya tara baƙi a nan kamfanin yanka talotalo ne, shi ya kawo 'yan Meziko da 'yan Biyetnam, sai 'yan Bosniya da yaƙin shekarun 1990 ya koro, sai kuma 'yan Somaliya. Maigida ma can yake aiki.

Hunturun farko wallahi na sha wuya. Sanyi yana sauka ƙasa da sifili da digiri 20 har fiye, ƙarfe biyar na yamma gari ya riga ya yi duhu, shi yana wurin aiki ni ina gida da yara biyu da hita, ba maƙwabciyar da za ta yi sallama ta ce a ɗan sam mata gishiri, ba hayaniyar yara a layi, shiru kawai har kunne ya dinga ƙara. Wata 'yar Somaliya da muka haɗu a shagon halal ce ta dube ni ta ce 'yar'uwa kada ki kashe kanki a ɗaki, ki kai yaran nan laburare.

Ni a sanina laburare na 'yan jami'a ne masu shirin jarabawa, ka shiga ka yi tari a harare ka. Nan ba haka ba ne sam. Kati kyauta ne, abin da suka nema kawai shaidar ko ni wace ce da adireshin gida, matar da ke kan tebur ta tambaye ni yadda ake faɗin sunana ta yi ta maimaitawa har ya zauna a bakinta. Ƙaramin abu ne amma na ji shi har raina.

Ranar karatun yara ita ce ta fara kama ni. Akwai darduma mai launi-launi a gefen yara, a zauna a kewaye, mai karatun ta ɗaga littafi sama tana juya shi kowa ya ga hoto, tana canja murya in kare ne ta yi haushi in saniya ce ta yi kuka, a yi waƙa da tafi, bayan nan a fito da almakashi da gam a yi ta yanke-yanken takarda. Ƙaramar tawa da farko ta maƙale a hijabina ko motsi ba ta yi, yanzu kuwa ita ce a gaba-gaba tana gyara wa mutane baitin waƙa. Mu iyaye muna baya a kan ƙananan kujeru, kuma gaskiya a nan ne zumuncin yake ƙulluwa, a nan na ji inda ake samun rigunan sanyi na hannu masu arha da yadda ake sa yaro makaranta da wace hanya ce ba a bi in an yi dusar ƙanƙara. Littafin dokokin hanya da na karanta na ci jarabawar lasisin tuƙi a nan na same shi, fom ɗin aiki ma a kwamfutarsu na cike na firinta.

In littafin da kike so babu shi sai su nemo miki daga wani gari, domin laburaren yana cikin haɗakar da ake kira Viking Library System mai hedikwata a Fergus Falls, mota ce take zagayawa da littattafan. Da rani kuma in an yi hutun makaranta akwai shirin karatu na yara, ana ba su takarda suna cikewa ana ba su 'yan kyaututtuka.

Abin da na daɗe ina mamaki shi ne wa yake biyan kuɗin makaɗa da marubuta da masu zane da suke zuwa ɗan garin nan a shiga kallo ba ko sisi. Ashe a 2008 mutanen Minisota suka kaɗa ƙuri'a aka ƙara kashi 0.375 cikin ɗari a harajin saye da sayarwa na tsawon shekara 25, har 2034, wani kaso na tsaftar ruwa da gandun daji, wani kuma na al'adu da fasaha, daga ciki laburarori suke samun nasu. Tunda na ji haka na daina zama a kujerar baya kamar wadda aka yi wa alfarma, ai duk ranar da na sayi sabulu ko tukunya da kuɗina a ciki. Wannan tsarin yana burge ni ƙwarai, kuma ina fatan wata rana a ce laburarorinmu na gida sun samu irin wannan kulawar.

A allon sanarwar bakin ƙofa na ga labarin bikin zumuncin ƙabilun garin da ake yi a watan Yuni, kowa ya fito da tutarsa da kayansa da abincinsa. Na ci ado da atamfa na ɗaura ɗankwali, na yi cincin da zoɓo mai citta da kanumfari na cika kula. Wata 'yar Meziko ta kurɓa ta zaro ido ta kira 'yan'uwanta, ashe su ma suna dafa zoɓo su sha da ƙanƙara, cittar ce kawai baƙuwa a wurinsu, muka tsaya muna ta musayar yadda ake haɗawa da guntun turancinmu da nuni da hannu. Wani dattijo ɗan Bosniya ya yi min sallama cikakkiya, na ce Baba ga cincin, ya ɗiba ya ƙara ɗiba ya zuba a aljihu wai na jikokinsa. Wata tsohuwa baturiya da kakanninta suka zo daga ƙasar Norway ta ga lallen hannuna ta riƙe ta ƙi saki, yanzu ita take koya min saƙar safar sanyi a laburare ni kuma na yi wa jikarta lalle ranar gama sakandare.

Kwanan nan mai karatun yara ta ce ko zan ba su tatsuniyar ƙasarmu. Na ce ta Gizo da Ƙoƙi zan yi, da Hausa tukuna sannan babbar tawa ta fassara musu, kuma sai sun koyi amsa "ta zo mu ji ta" kafin in fara.