Kafin Ku Sayi Tikitin Biki Saboda Suna Ɗaya

Ranar da masu shirya bikin kiɗa suka fitar da jerin mawaƙan da za su hau dandamali, kafin a yi awa guda masoya sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ba a taɓa haɗa taurari irin na bana ba. Wasu kuma na rantsuwa cewa bikin ya mutu, 'yan kasuwa sun ƙwace shi, ko kyauta aka ba su tikiti ba za su taka ƙafarsu ba. A tsakaninsu akwai matashin da ya daɗe yana tara ɗan abin da ya samu, yana jin wannan yana jin wancan, ya rasa wanda zai bi. Da irinsa nake son magana, ƙannena, domin na taɓa tsayawa inda yake, kuma na yi kuskure ta fuska biyu: na je inda bai kamata in je ba, na kuma ƙi zuwa inda ya kamata in je.

Kuskuren farko shi ne na sayi tikiti saboda mutum ɗaya. Sunansa ne a saman fosta da manyan haruffa, ban ko tsaya duba sauran sunayen da ke ƙasa ba. Kuɗin hannuna bai kai ba, na ranto ciko. Ana saura 'yan kwanaki sai sanarwa ta fito cewa ba zai samu zuwa ba, an maye gurbinsa da wani. Na nemi a mayar mini da kuɗina, aka nuna mini sharaɗin da na amince da shi ban karanta ba: jerin mawaƙa na iya canzawa, kuma canjin ba dalilin mayar da kuɗi ba ne. Na je bikin raina a ɓace, na yi ta yawo tsakanin dandamali ban san waƙar kowa ba, na dawo na shafe watanni ina biyan bashi.

A lokacin na ɗauka ni kaɗai aka zalunta. Daga baya na gane cewa haka harkar take, har a bukukuwan da suka fi kowane girma a duniya. A 2015, ƙungiyar Foo Fighters ce za ta rufe dare ɗaya a bikin Glastonbury na Ingila, sai jagoranta Dave Grohl ya faɗo daga dandamali a birnin Gothenburg na Suwidin ya karye a ƙafa, makonni biyu kafin bikin. Florence and the Machine aka ɗaga ta maye gurbin. A 2017 Beyoncé ta janye daga bikin Coachella a Kalifoniya saboda juna biyu, Lady Gaga ta hau a madadinta, ita kuma sai a 2018 ta zo. A 2023 Frank Ocean ya yi wasa a makon farko na Coachella, ya janye daga na biyu saboda rauni a ƙafa. Babu wanda ya yi wa kowa mugunta a cikin waɗannan. Mawaƙi ɗan Adam ne, yana ciwo, yana haihuwa, takardar izinin shiga ƙasa na iya makale masa. Tikitin biki izinin shiga fili ne, ba alkawarin ganin wane ba. Wanda ya biya don mutum ɗaya ya yi cinikin biri a sama.

Don haka abin da nake yi yanzu, kuma nake roƙon ku gwada, shi ne in rufe layin farko na fosta da hannu, in karanta daga ƙasa zuwa sama. Idan ban da manyan sunayen nan akwai waɗanda zan yi farin cikin tsayawa in saurara, to bikin nawa ne. Idan babu, mawaƙi ɗaya nake so ba biki ba, kuma gara in jira wasansa na kansa. A can ma zai fi ba ni lokaci, domin a biki yawancin mawaƙa minti talatin zuwa awa guda ake ba su, manyan ne kaɗai ke wuce haka, kuma galibi sanannun waƙoƙinsu suke zaɓa don taron da ba duka nasu ba ne. Mai son jin waƙoƙin da ba a cika sawa a rediyo ba zai iya komawa gida da ƙishirwarsa ko da gwaninsa ya zo.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, domin ba kuɗi na rasa ba. Wata shekara jeri ya fito, masoyan da nake girmama ra'ayinsu suka yi masa ca. Suka ce an cika shi da yara marasa suna, an bar gwanaye. Ni ma na kama faɗin haka, alhali rabin sunayen ban taɓa jin waƙarsu ko ɗaya ba. Na zauna a gida ina jin na fi waɗanda suka tafi sanin kiɗa. Cikin waɗanda na raina akwai wata mawaƙiya da daga baya na kamu da son waƙoƙinta, kuma a wancan bikin a ƙaramin dandamali ta yi wasa, inda mutum zai iya tsayawa kusa ya ga yadda take sarrafa murya. Yanzu ta yi girman da ba a ganinta sai daga nesa ko a allo. Ba wanda ya hana ni zuwa. Na bi yarima ne a sha kiɗa, sai dai kiɗan ma ban sha ba.

Ya kamata ku san yadda wannan hayaniyar ke tashi, don kada ta ruɗe ku. Waɗanda suka gamsu da jeri sukan sayi tikiti su yi shiru, waɗanda aka bar gwaninsu a waje su ne ke ɗaga murya. Akwai kuma tsofaffin masoya da ke auna kowace shekara da shekarar da suka fara zuwa suna da ƙuruciya, kuma babu jerin da zai iya gasa da wannan. Ba na zarginsu, ni ma yanzu nakan ji hakan a raina. Amma ra'ayinsu labarin rayuwarsu ne, bai zama hukunci a kan abin da zai faranta muku ba. A 2008, da aka ce Jay-Z ne zai kasance babban baƙo a Glastonbury, an yi ta ƙorafi cewa salon kiɗansa bai dace da bikin da aka sani da masu gita ba, har Noel Gallagher na ƙungiyar Oasis ya fito ya soki zaɓin. Da ya hau dandamali, filin ya cika, kuma har yau ana ambaton wasan cikin waɗanda suka buɗe wa salon hip-hop ƙofa a wannan biki. A 2015 mutane fiye da 130,000 suka sa hannu a takardar neman a cire Kanye West daga jerin. Ba a cire shi ba, bikin kuma bai rasa jama'a ba.

Su ma masu ƙorafin cewa an bar wane da wane, sau da yawa ba su san abin da ke faruwa a bayan labule ba. Wani mawaƙin yana tsakiyar rangadi a wata nahiya. Wani kuɗin da ya nema ya fi ƙarfin masu shiri. Wasu manyan bukukuwa kuma suna sa wa mawaƙi sharaɗi a kwantiragi cewa ba zai yi wasa a wani biki na yankin ba na tsawon watanni kafin nasu, don haka rashin sunansa a nan na iya nufin ya riga ya sa hannu a can. Hatta girman haruffan da aka rubuta suna da layin da aka ajiye shi, abu ne da wakilan mawaƙa ke ja-in-ja a kai. Fosta ba ma'aunin iya waƙa ba ce. Maganin duk wannan mai sauƙi ne kuma ba ya cin ko sisi: ku ware yamma ɗaya, ku ɗauki sunayen da ba ku sani ba, ku saurari waƙa biyu biyu daga kowanne, musamman hoton bidiyon wasansu a gaban jama'a, domin akwai wanda faifansa ke da daɗi amma a dandamali ba ya iya riƙe taro, akwai kuma akasin haka.

Wani abin da ban sani ba a farko shi ne jerin sunaye daban, jadawali daban. Babban biki yana da dandamali da yawa da ke aiki a lokaci guda, kuma jadawalin sa'o'i yakan fito ne gab da ranar, bayan an gama sayen tikiti. Kuna iya ƙirga mutum goma da kuke so, ku tarar uku daga ciki an sa su a sa'a ɗaya a kusurwoyi daban daban, ga tafiya cikin cunkoso tsakaninsu. Ku ɗauka tun farko cewa rabin abin da kuka lissafa za ku gani, sai ku tambayi kanku ko rabin ya cancanci kuɗin.

Yabo ma yana ɓatar da mutum kamar yadda kushe ke yi, har ya fi. A watan Afrilun 2017 aka shirya Fyre Festival a tsibirin Great Exuma na ƙasar Bahamas. An biya shahararrun masu tallan kaya suka yaɗa shi a Instagram, aka yi alkawarin masauki na alfarma da manyan mawaƙa, matasa suka zuba kuɗi masu yawa. Da suka isa sai suka tarar da tantunan agajin gaggawa, katifu a jiƙe, babu ko ɗaya daga cikin manyan mawaƙan. An ɗaure wanda ya shirya shi, Billy McFarland, shekara shida a 2018 bisa laifin zamba. Ku kwatanta da Glastonbury, wanda Michael Eavis ya fara a gonarsa a 1970: tikitinsa kan ƙare cikin ƙasa da awa guda, watanni kafin a fitar da cikakken jerin mawaƙa. Mutane na saye ne saboda sun san masu shirin da tarihinsu. Abin da za ku ɗauka a nan shi ne sunan wanda ya shirya biki ya fi sunayen da ke kan fosta muhimmanci. Wa ya shirya? Ya taɓa yi? Waɗanda suka je bara me suka ce game da ruwan sha, banɗaki, layin shiga, da yadda aka fita da dare? Su mawaƙan da aka jera, sun sanar da bakinsu cewa za su zo?

A kan wannan batu ne nake so ku fi tsayawa, domin a nan rai ke shiga. A bikin Roskilde na Denmak a 2000 mutum tara suka mutu a turmutsutsu a gaban dandamali. A Love Parade na birnin Duisburg a Jamus a 2010 mutum 21 ne, a wata matsattsiyar hanya da aka mayar mashiga da mafita a lokaci guda. A Astroworld na birnin Houston a Amurka, ranar 5 ga Nuwamban 2021, mutum goma suka rasu, ƙaraminsu ɗan shekara tara. A irin wannan yanayi ba tattakewa ce kaɗai ke kisa ba, matsi ne ke hana ƙirji buɗewa mutum ya kasa numfashi yana tsaye. Ni ma na taɓa kutsawa gaba don in ga fuskar mawaƙi, har na kai inda ƙafata ba ta bin umarnina, taro ne ke kai ni inda ya so. Allah ya tsare na fita lafiya, amma tun ranar nake duba mafita kafin in duba dandamali. Idan kuka ji ana taɓa ku ta kowane ɓangare kuma ba ku iya ɗaga hannu, lokacin fita ya yi. Ku sa hannuwa a gaban ƙirji, kada ku yi kokawa da taro, ku riƙa zamewa gefe a hankali duk lokacin da matsi ya ɗan sassauta.

Kunne kuma ba ya ƙorafi sai ya makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauti mai ƙarfi, kuma ta bayyana cewa sautin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ana iya jure shi awa 40 a mako, amma na 90 awa huɗu kacal. A wurin wasa sauti kan kai 100. Na tsaya kusa da lasifika dare guda, na kwana kunnena na ƙara, ban san alamar lahani ba ce. Abin toshe kunne na masu kiɗa yana rage ƙarfin sauti ba tare da ya ɓata waƙar ba, kuma yana shiga aljihu.

Sai lissafin kuɗi, wanda zan taƙaita domin kun fi ni sanin aljihunku. Tikiti ɓangare ɗaya ne kawai, akwai mota ko jirgi, wurin kwana, da abin da za a kashe a ciki, inda komai ya fi waje tsada. Ku haɗa duka kafin ku yanke shawara. Idan sai da rance ne lissafin zai cika, ku haƙura, biki yana dawowa baɗi. Kada kuma tsoron ƙarewar tikiti ya kai ku hannun masu sayarwa a bayan fage. Wasu bukukuwan suna haɗa tikiti da suna da hoton mai shi, kamar yadda Glastonbury ke yi, wanda ya saya a hannun wani sai a tsayar da shi a ƙofa. Da yawa suna da hanyarsu ta sake sayar da tikitin waɗanda suka fasa, ita ce za ku jira.

Idan kun duba duk wannan kuka ga zuwa ya dace, ku nemi abokin tafiya da kuka yarda da hankalinsa, ku tsayar da wurin haɗuwa tun da rana idan kun rabu, domin waya kan rasa sabis a cikin taro mai yawa, caji kuma kan ƙare kafin babban baƙo ya hau. Ku bar sa'a ɗaya ko biyu a kowace rana ba tare da tsari ba, ku shiga ƙaramin dandamalin da ba ku san mai wasa a kai ba, ku tsaya ku saurare shi har ya gama.