Fim ɗin Planes: abin da ya riƙe labarin Dusty, da inda ya ɓata min rai

Duk mai ƙananan yara ko ƙanne a gida ya san Planes ko da bai riƙe sunan ba, katun ɗin nan na jirage masu magana da Disney ta fitar a 2013. Mutane da yawa suna raina shi wai Cars ne kawai, katun ɗin nan na motoci masu magana, aka liƙa masa fukafukai. Eh, duniyarsu ɗaya, kuma da farko ma a faifan DVD aka so a sake shi kafin daga baya a kai shi silima, aka kashe masa wajen dala miliyan 50 ya dawo da sama da miliyan 200. Amma ni dai ina ganin waɗanda suka tsara labarin sun san aikinsu, kuma akwai gini a cikinsa da ya kamata masu rubuta mana finafinai su zauna su kalla da kyau.

Dusty ƙaramin jirgin feshin gona ne a wani ƙauye, burinsa ya shiga gasar tseren zagaye duniya, matsalarsa kuma yana tsoron tashi can sama. Wannan tsoron yana da dalili. Wanda ya taɓa ganin jirgin feshin da ake turowa yankinmu idan jan-baki suka addabi masu shinkafa da gero ya san ƙasa-ƙasa yake bi, kusan ya shafi kan bishiyoyi, to wanda ya yi rayuwarsa a haka ina zai saba da saman gajimare? Ko shigarsa gasar ma da ƙyar ne, na shida ya zo a gwaji alhali biyar ake ɗauka, sai da aka kori wani da aka kama da haramtaccen mai sannan ya samu gurbi.

Daga nan tseren ne ya zama ƙashin bayan fim ɗin, zango-zango: New York zuwa Iceland, Jamus, Indiya, Nepal, Sin, Meziko, a dawo New York. Dabarar a nan take, kowane zango halin Dusty ake gwadawa. A hanyar Jamus mai ya fesu a idon Bulldog, tsohon ɗan tseren Ingila mai ji da kai, ya daina gani, Dusty ya bar nasa tseren ya raka shi har ya sauka lafiya, shi kuma ya zo na ƙarshe. A lokacin sai ka ce asara ya yi. A Indiya kuma Ishani, 'yar tseren ƙasar wadda ya amince da ita, ta ce masa ya bi layin dogo tunda ba ya son hawa sama, ashe layin cikin ramin dutse ya shiga ga jirgin ƙasa na tahowa, ita kuma sabuwar farfela ta karɓa daga Ripslinger, zakaran gasar kuma abokin gabar Dusty, a kan haka. Wallahi wurin nan ya taɓa ni, don ya yarda da ita, kuma da tsoronsa ta cuce shi.

To sai ga Meziko. Yaran Ripslinger sun karya masa eriyar da ke nuna masa hanya a kan tekun Pasifik, ya ɓata, guguwa ta jefa shi ruwa, aka tsamo shi a ragargaje. Su wa suka gyara shi? Abokan hamayyarsa ne, wannan ya kawo fiffike wancan ya kawo wani abu, Ishani ta cire farfelar cin amanar ta ba shi. Kamar dai idan gobara ta cinye shagon mutum a babbar kasuwar Gombe maƙwabtansa na layi su haɗa masa jari. Duk abin da ya shuka tun Jamus a nan ya girbe, kuma ba wanda ya tsaya yi mana wa'azi a kai, an bar mu mun gani da idonmu.

Amma zuciyar fim ɗin a wajena Skipper ne, tsohon jirgin yaƙin sojan ruwa ƙirar Corsair da ya koya wa Dusty tsere alhali shi kansa ya daina tashi, ja ake yi da shi. Kullum yana ba da labarin yaƙe-yaƙen da ya yi. Sai da Dusty ya sauka a kan katafaren jirgin ruwan soja ya duba allon tarihi ya ga fita ɗaya tak malamin nasa ya taɓa yi. Gaskiyar ita ce a wannan fitar yaran da ya horar suka hallaka gaba ɗaya, shi kaɗai ya tsira. Dattijo ne da kunya da baƙin ciki suka zaunar, ya rufe ciwonsa da ƙarya, kuma a fim ɗin yara aka sa wannan! Shi ya sa lokacin da ya tashi a zangon ƙarshe don ya kare Dusty na fi jin sa a raina fiye da nasarar kanta. Tsoron saman Dusty kuwa an warware shi da gaggawa, ya kutsa gajimare ya samu iskar da ta tura shi, shi ke nan, ban ƙoshi ba gaskiya.

Inda fim ɗin ya ɓata min rai shi ne yadda ya ɗauki aikin gona. Tun daga farko feshi abin kunya ne, abin da ake gudu, har ana tsokanar Dusty da warin taki, kuma a tsakiyar tseren ya sa aka cire masa kayan feshin don ya ƙara gudu. Mu da muke jihar da rabin unguwa ke tafiya gona da damina, ga masu noman rani a Dadin Kowa, ba na son yaro ya taso da tunanin cewa sai ka bar gona kake zama wani. Na so a ce ko sau ɗaya an nuna shi ya koma ya yi feshin da alfahari. Kashi na biyu da ya fito a 2014 ya ɗan gyara, don a can inji ya ba shi matsala ya koma aikin kashe gobarar daji, aikin taimakon jama'a, amma gonar dai ba a koma mata ba, kuma a 2018 aka rufe sashen Disney da ke yin su kafin na uku ya fito.